Ranar da Batir Ya Kusa Halaka Karzai

Wani mai karatu daga Abare ta ƙaramar hukumar Anka ya aiko da tambaya: wa ke gaya wa jirgin yaƙi inda zai saki bam? Duk wanda bai manta da bam ɗin da jirgin soja ya saki kan jama'a a daren Mauludi a Tudun Biri ba, 3 ga Disamba 2023, ya san abin da ya sa wannan tambaya ke ci wa talakan karkara tuwo a ƙwarya.

Ta tuna mini da 5 ga Disamba 2001, a Shawali Kot, arewa da Kandahar. Sojan Amurka na tare da mayaƙan Hamid Karzai suna fafatawa da Taliban. A hannun mai kiran jirage akwai na'urar GPS ta soja, PLGR, wadda girmanta bai wuce bulon jan ƙasa ba. Yadda ake yi, madubin hangen nesa mai leza ya auna tazara da shiyya, ya tura ta waya zuwa cikin na'urar, ita kuma ta haɗa da inda taurarin ɗan Adam suka ce tana tsaye, ta fitar da lambobin wurin da ake son bugawa. Sai a karanta wa matuƙi ta rediyo.

Ana cikin haka batir ya mutu. Mai kiran jirage ya canza shi, na'ura ta sake kamawa, lambobi suka fito. Ashe an ƙera ta ne yadda in ta farfaɗo, inda take kanta za ta nuna. Waɗannan lambobi ya aika wa jirgin B-52. Bam mai nauyin kilo kusan 900 ya faɗo musu. Amurkawa 3 suka mutu da 'yan Afghanistan da dama, Karzai ya tsira da rauni a fuska, a ranar da taron Bon na Jamus ya zaɓe shi shugaban riƙon ƙwarya na Afghanistan.

Masu cewa sakacin mutum ne suna da hujja, don wanda ya kwatanta lambobin da taswira zai gane. Ni dai na fi ganin laifin maƙera. Mutumin da ke bakin daga, ga gajiya ga ƙarar harsashi, bai kamata a miƙa masa na'urar da ke musanya gidan abokin gaba da nasa ba tare da ta yi ko tari ba.

Daga 2004 aka fara maye gurbin PLGR da wata sabuwar na'ura, DAGR.