Daga Gaisuwa Zuwa Ƙa'idar Ɗa'ar Ma'aikata: Waiwaye Daga Kasuwar Laranto

1.0 Gabatarwa

Laranto unguwa ce a Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, wadda aka ƙirƙiro a 1991, kuma an san ta da kasuwar katako. Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kafa kasuwanni da tashoshin mota da kula da su. Ke nan rabon rumfuna da karɓar kuɗin shiga a irin wannan kasuwa suna hannun jami'an da galibi suke da dangi da abokan ciniki a cikinta. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun kalmar "gaisuwa", domin a nuna cewa karon da ake samu tsakanin amanar ofis da maslahar kai tsohuwar matsala ce a ƙasar Hausa.

2.0 Kafin Zuwan Turawa

Tun a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463–1499) Shaihu Al-Magili ya rubuta masa risala a kan wajiban sarakuna, inda ya tsoratar da shi daga cin dukiyar talakawa. A farkon ƙarni na 19 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Kitabul Farƙ, ya lasafta ɗabi'un mulkin Haɓe da ya soka, ya kuma kira su da sunayensu na Hausa duk da cewa da Larabci ya yi rubutun. Daga ciki akwai gaisuwa, wato abin da ake kai wa mai iko, da tawasa, wato naman da mai kula da kasuwa yake karɓa daga mahauta. Abin lura ga manazarcin harshe shi ne, kalmar da asalinta girmamawa ce ita aka lulluɓe toshiyar baki da ita.

3.0 Zamanin En'e

Mulkin mallaka ya yanka wa sarakuna da hakimai albashi daga baitulmali, amma hakan bai kashe gaisuwa ba. A 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙuduri a Majalisar Jihar Arewa yana neman a yi wa En'e garambawul, cin hanci kuwa yana cikin abubuwan da ya koka da su. A 1964 M. G. Smith ya wallafa nazari a kan tushen wannan matsala a tarihin Hausawa. Gyaran 1976 ya kawo tsarin ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk ƙasa.

4.0 Ƙa'idar Yau

Jadawali na Biyar, wanda ya samo asali daga Tsarin Mulkin 1979, ya shafi shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli da ma'aikatansu. Ya hana jami'i jefa kansa inda son ransa zai ci karo da aikinsa. Ya hana ma'aikacin dindindin gudanar da kasuwanci na ƙashin kansa, ban da noma, ya kuma wajabta bayyana kadarori. Sai dai a kan kyauta ya bar kafa: an yarda jami'i ya karɓa daga dangi da aminai gwargwadon abin da al'ada ta amince da shi. A nan tsohuwar tambaya take dawowa. Idan mai sayar da katako ya kai wa kansila ragon layya, ga kuma takardarsa ta neman rumfa tana jiran sa hannu, zumunci ne ko toshiya?

5.0 Kammalawa

Doka ta miƙa hukunci ga al'ada, al'ada kuwa da suna ɗaya take kiran abubuwan biyu. Saboda haka duk mai fassara wannan ƙa'ida zuwa Hausa wajibi ne ya rarrabe kyauta da gaisuwa da toshiya. Ma'aunin da tarihi ya bari shi ne: duk gaisuwar da ta zo alhali mai ita yana da buƙata a gaban jami'in, ta tashi daga zumunci. Hausawa ma sun ce, baki in ya ci, ido kan ji kunya.