Yadda ma'aikatan jinya ke auna hayyacin majiyyaci da zafin ciwonsa

Ma'aunin Glasgow hanya ce da ma'aikatan jinya ke bi wajen tantance hayyacin wanda ya bugu a ka, kamar waɗanda haɗarin mota ko babur kan rutsa da su a Mararaba, kan babbar hanyar Abuja zuwa Keffi. Likitoci biyu na Jami'ar Glasgow, Graham Teasdale da Bryan Jennett, ne suka samar da shi a 1974.

Ana duba abubuwa uku: buɗe ido mai maki 4, magana mai maki 5, da motsin jiki mai maki 6. Jimillar kan kama daga 3 zuwa 15, kuma maki 8 ko ƙasa da haka na nuna mummunan rauni a ƙwaƙwalwa. Akan maimaita awon a kai a kai, domin raguwar maki na iya nuna jini na taruwa cikin kai, ko da majiyyacin ya iso asibiti yana magana.

Wajen auna zafin ciwo kuwa, babba kan zaɓi lamba daga 0 zuwa 10. Yaro ɗan shekara uku zuwa sama kan nuna hoton fuskar da ta dace da abin da yake ji, yayin da ake lura da kukan jariri, yanayin fuskarsa da motsin ƙafafunsa.