Bijdragen: mujallar Holand da ta fara da hidimar mulkin mallaka

Bijdragen tot de Taal-, Land- en Volkenkunde, wadda ake taƙaitawa BKI, mujallar bincike ce ta ƙasar Holand da ta fara fitowa a 1853. Ma'anar sunanta shi ne gudummawa ga ilimin harsuna da ƙasashe da al'ummu. Tana daga cikin tsofaffin mujallun ilimi da har yau ba su daina fitowa ba.

Asalinta

Cibiyar KITLV, wadda aka kafa a 1851 kuma yanzu take birnin Leiden, ita ce mai mujallar. A wancan zamani Holand na mulkin tsibiran da a yau ake kira Indunusiya, kuma gwamnati na bukatar jami'an da suka san harsunan mutanen da take mulka, da dokokinsu na gargajiya, da addininsu. Saboda haka mujallar ta cika da nazarin harshen Java da na Malay, da tarihin sarakuna, da tsofaffin rubuce-rubucen hannu.

Cikin waɗanda suka yi rubutu a cikinta akwai Snouck Hurgronje, masanin Musulunci da ya zauna a Makka a 1885, daga baya ya zama mai ba gwamnatin mallaka shawara lokacin yaƙin Aceh. Rayuwarsa ta nuna yadda ilimi da mulki suka tafi kafaɗa da kafaɗa. Masu karatu a ƙasashen rainon Faransa sun san irin wannan a cibiyar IFAN ta Dakar.

Bayan 'yanci

Indunusiya ta ayyana 'yancinta a 1945, Holand ta amince a 1949. Mujallar ta cire sunan yankin mallakar daga takenta, sannu a hankali Ingilishi ya maye gurbin harshen Holand a shafukanta. Yanzu masana 'yan Indunusiya da na sauran ƙasashe na bin diddigin mulkin mallakar kansa a cikinta: aikin tilas, yaƙe-yaƙe, da kayan tarihin da aka kwashe zuwa Turai.

Inda ake samunta

Kamfanin Brill ne ke buga ta, ana kuma karanta ta kyauta a intanet, har da tsofaffin fitowa. Tana da 'yar'uwa, New West Indian Guide, da aka kafa a 1919, mai nazarin Suriname da tsibiran Karibiyan. Mai amfani da tsofaffin shafukan sai ya riƙa tuna wanda ya rubuta su da kuma wanda aka rubuta dominsa.