Tarihin Neman Illa a Cikin Uwar Garke

Tun kafin a san babbar na'urar nan da ake kira uwar garke, wadda ke zaune a ɗaki mai sanyi tana yi wa dubban mutane hidima dare da rana, masu gyaran kwamfuta da ido da hannu suke neman illa. ENIAC, wadda aka nuna wa jama'a a Filadalfiya ta ƙasar Amurka a 1946, tana ɗauke da kwalaben lantarki kusan 18,000, kuma kusan duk kwana biyu sai ɗaya ta ƙone, a bi su layi-layi har a gano ta. Ran 9 ga Satumba 1947 kuwa, da na'urar Mark II ta Jami'ar Harvard ta yi gardama, aka duba, sai ga wani ƙwaro mai fukafukai maƙale a cikin ɗaya daga makunnanta, aka zare shi, aka liƙa shi a littafin aiki.

Wanda ya sauya al'amarin shi ne Richard Hamming na ɗakin binciken Bell, masanin hisabi, wanda yakan bar wa na'ura aiki ran Juma'a da yamma, ya dawo Litinin ya tarar ta gamu da kuskure ta watsar da aikin. Ya yi nazari cewa na'urar da ta iya sanin an yi kuskure, ai za a iya koya mata sanin wurinsa, kuma a 1950 ya wallafa ƙa'idar da ake ƙara wasu 'yan lambobi a kan bayani, su zama shaidu a kansa, ta yadda in lamba ɗaya ta karkace na'ura za ta gyara ta. Daga nan ne uwar garke ta gaji ƙwaƙwalwar da ke gyara kanta, tana kuma rubuta duk abin da ya same ta.

Amma akwai illar da ta gagari kowa, domin sifiri yakan rikiɗe ya zama ɗaya, na'ura ta faɗi, a ciro ƙwaƙwalwar a gwada, a same ta lafiya lau, a mayar, bayan mako guda ta sake faɗuwa. Sai a 1978 Timothy May da Murray Woods na Intel suka tabbatar da hujja cewa ɗan burbushin yuraniyam da toriyam da ke cikin kwanson da aka rufe ƙwaƙwalwar da shi ne ke fitar da tururin da ke juya lambar, alhali bai bar tabo ko kaɗan ba. Shekara guda bayan haka James Ziegler na IBM ya nuna cewa tururin da ke saukowa daga sararin samaniya ma yana yin haka. Lalle wannan tahaƙiƙi ne mai daraja, sai dai kuma ya zama uzuri a bakin malalacin mai gyara, wanda duk faɗuwar da ya kasa gane sababinta sai ya ɗora wa samaniya.

Binciken da Bianca Schroeder ta Jami'ar Toronto ta yi tare da injiniyoyin Google, wanda aka wallafa a 2009 bayan an bi uwayen garken kamfanin shekara biyu da rabi, shi ya yanke wannan uzuri, gama ya nuna fiye da kashi 8 cikin 100 na sandunan ƙwaƙwalwa suna yin kuskure a kowace shekara, kuma galibinsa daga lalacewar sandar kanta yake, shi ya sa wadda ta yi sau ɗaya takan maimaita.

Saboda haka, ya kai mai gyara, idan uwar garke ta faɗi a hannunka, kada ka yi gaggawar goge manhaja bisa zato. Karanta abin da ta rubuta kafin faɗuwarta, ka duba zafi da ƙura da wutar da ke shigarta, ka bar manhajar Memtest86 ta kwana tana gwada ƙwaƙwalwa, sa'an nan in za ka canza sassa, ka canza su ɗaya bayan ɗaya.