Mabell Ogilvy, Uwargidan Airlie (1866–1956)

Mabell Ogilvy, wadda aka fi sani da Ledi Airlie, Baturiya ce 'yar gidan sarauta a Birtaniya. An kashe mijinta a fagen yaƙi a Afirka ta Kudu a 1900, ta riƙe gidansa da gandunsa har magajinsa ya girma. Ta yi aikin sa kai wajen kula da sojojin da suka jikkata a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sannan ta yi fiye da shekara 50 tana hidimar Sarauniya Mary, matar Sarki George na Biyar. Ba ta taɓa riƙe muƙamin mulki ba. Tasirinta a fada ya samo asali ne daga amanar da ke tsakaninta da uwargijiyarta.

Asali da ƙuruciya

An haife ta ranar 10 ga Maris, 1866. Sunanta na gida Mabell Frances Elizabeth Gore. Mahaifinta, Arthur Gore, shi ne ya zama Earl na Arran na biyar, sarautar gado ce mai kusan darajar babban hakimi. Mahaifiyarta, Edith, ta rasu a 1871, don haka ita da ƙannenta mata biyu suka tashi a hannun kakarsu ta wajen uwa, Ledi Jocelyn. Wannan kaka ta daɗe tana hidimar Sarauniya Victoria, kuma agolar Firayim Minista Palmerston ce. Ke nan Mabell ta buɗe ido ne a gidan da aka san ladubban fada ciki da bai. Tun tana yarinya ta san Gimbiya May ta gidan Teck, tsararta, wadda daga baya ta zama Sarauniya Mary.

Aure da rasuwar miji

Ranar 19 ga Janairu, 1886 aka ɗaura mata aure da David Ogilvy, Earl na Airlie, mai riƙe da fadar Cortachy a yankin Angus na ƙasar Sikotlan. Hafsa ne a rundunar mahaya dawaki. Ya yi yaƙi a Afghanistan, ya kuma shiga yaƙin da Ingila ta yi da mutanen Mahadi a Sudan tsakanin 1884 da 1885, inda aka ji masa rauni a Abu Klea. Sun haifi 'ya'ya shida, mata uku, maza uku.

A 1899 yaƙi ya ɓarke tsakanin Birtaniya da Turawan Boer, jikokin 'yan Holan da suka zauna a Afirka ta Kudu. Airlie ya tafi yana jagorantar runduna ta 12 ta mahaya masu māsu. Ranar 11 ga Yuni, 1900 harsashi ya same shi a gumurzun Diamond Hill, kusa da Pretoria, ya mutu nan take. Winston Churchill, wanda a lokacin wakilin jarida ne, yana wurin wannan gumurzu. Bayan shekara takwas ya auri Clementine, 'yar 'yar'uwar mamacin.

Mabell tana da shekara 34 aka bar ta da marayu shida. Magajin sarautar, David ƙarami, shekararsa shida kacal. Ba ta sake aure ba. Ita ta ɗauki ragamar gandun gidan: karɓar kuɗin haya daga manoma, gyaran gidaje, biyan ma'aikata, da tarbiyyar yaran. A kan tudun Tulloch, kusa da Cortachy, an gina doguwar hasumiya ta dutse don tunawa da mijin.

Shiga fada

A Disambar 1901, wata guda bayan an naɗa George yarima mai jiran gado, matarsa ta kira ƙawarta ta ƙuruciya ta zama ɗaya daga cikin matan da ke hidimar ɗakinta. Da George ya hau gadon sarauta a 1910, Ledi Airlie ta ci gaba da aikin, ba ta ajiye shi ba sai da Sarauniya Mary ta rasu ranar 24 ga Maris, 1953.

Matan da ke wannan aiki karɓa-karɓa suke yi: kowace ta zauna a fada na ɗan lokaci, sannan ta koma gidanta wata ta canje ta. Aikinsu raka Sarauniya wurin taro da ziyarar asibitoci da masana'antu, amsa wasiƙu a madadinta, tarbar baƙi, da isar da saƙon da bai dace ya fito kai tsaye daga bakin Sarauniya ba. Wanda ya san Gidan Rumfa zai tuna da jakadiya, wadda ke kai saƙo tsakanin cikin gida da hakimai, tana shiga inda namiji ba ya shiga. Bambancin shi ne jakadun fadar Kano a al'ada galibi daga bayin sarki suke fitowa, su kuwa waɗannan sai 'ya'yan manyan gidaje ake zaɓa. Sarauniya Mary mace ce mai kunya da kame kai, ba kowa take buɗe wa ciki ba, shi ya sa wadda ta san ta tun suna yara ta sami matsayin da sauran matan fada ba su samu ba.

Aikin sa kai da rashe-rashe

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tashi a 1914, Ledi Airlie ta shiga aikin ƙungiyar agaji ta Red Cross, ta kuma shugabanci hukumar da ke kula da ma'aikatan jinya na soja, wadda ke ɗauke da sunan Sarauniya Alexandra. Hukumar ce ke duba ɗaukar nas-nas da sharuɗɗan aikinsu a asibitocin soja, a daidai lokacin da ake kwaso dubban majinyata daga Faransa da Beljiyam. Saboda wannan aiki aka ba ta lambar girma ta GBE a 1920.

A shekarun yaƙin mutuwa ta sake taɓa gidanta sau uku. An kashe surukinta Clement Mitford, mijin 'yarta Helen, a 1915. An kashe autanta Patrick a Beljiyam a Oktobar 1917, yana da shekara 21. A 1918 kuma 'yarta Mabell ta rasu a haɗarin doki.

Auren Yarima Albert

Abin da masana tarihi suka fi ambaton ta da shi shi ne rawar da ta taka a auren Yarima Albert, ɗan Sarki na biyu, da Elizabeth Bowes-Lyon. Gidan su Elizabeth, fadar Glamis, maƙwabcin Cortachy ne a Angus, kuma Ledi Airlie ta san yarinyar tun tana ƙarama. Yariman ya nemi auren Elizabeth a 1921 ta ƙi, ya sake nema ta sake ƙi, don tana tsoron takurar zaman fada. A Satumbar 1921 Sarauniya Mary ta sauka a gidan Ledi Airlie, daga nan ta je Glamis ta ga yarinyar da idonta. Saurayi da budurwar duka kowa yakan je wurin Ledi Airlie ya faɗa mata damuwarsa. A Janairun 1923 Elizabeth ta amince, aka yi biki ranar 26 ga Afrilu. Da yayansa Edward na Takwas ya yi murabus a Disambar 1936, Albert ya zama Sarki George na Shida. 'Yarsu ta fari ita ce Sarauniya Elizabeth ta Biyu.

Rubuce-rubuce

Bayan ɗanta David ya yi aure a 1917, ta bar masa Cortachy ta koma tsohuwar fadar Airlie. A can ta zauna da wasiƙun kakanninta ta fitar da littattafai uku: In Whig Society a 1921, Lady Palmerston and Her Times a 1922, da With the Guards We Shall Go a 1933. Tarihin rayuwarta, Thatched with Gold, ya fito a 1962, bayan rasuwarta, Jennifer Ellis ce ta tace shi. Marubuta tarihin gidan sarautar Ingila suna yawan komawa gare shi, don bayanin wadda ta zauna a cikin gida ne.

Zamaninta da ƙasar Hausa

Shekarun hidimarta sun zo daidai da zamanin mulkin mallaka a Arewa. A shekarar da aka kashe mijinta Lugga ya ayyana Arewa a ƙarƙashin Birtaniya a Lakwaja. Tana da shekara ɗaya da 'yan watanni a fada sojojin Kanar Morland suka fasa ganuwar Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903, Sarki Alu yana Sakkwato. Fadar da take wa hidima ita ce ta karɓi Sarkin Katsina Dikko a 1921, da Sarkin Kano Abdullahi Bayero tare da Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Gwandu Usman a 1934, duka a zamanin George na Biyar. A Fabrairun 1956 Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta ziyarci Kano, Sarki Muhammadu Sanusi ya tarbe ta.

Rasuwa da zuriya

An ba ta lambar girma ta GCVO a 1953. Ta rasu a Landan ranar 7 ga Afrilu, 1956, tana da shekara 90. Hidimar fada ta zama gado a gidanta. Ɗanta David ya shugabanci ma'aikatan gidan matar George na Shida daga 1937 zuwa 1965. Jikanta David ya zama shugaban ma'aikatan fadar Elizabeth ta Biyu daga 1984 zuwa 1997, matarsa Virginia kuma ta riƙe irin muƙamin da Mabell ta riƙe. Wani jikan, Angus Ogilvy, ya auri Gimbiya Alexandra a 1963, wadda ta wakilci Sarauniya a bikin 'yancin kan Nijeriya a Legas ranar 1 ga Oktoba, 1960.