Tarihin Injin Haƙar Haƙori

Har tsakiyar ƙarni na 19, da yatsu likita yake murza ɗan ƙarfe mai kaifi domin ƙwaƙule ruɓar haƙori, aiki mai jinkiri da tsananin ciwo. A 1871 Ba'amurke James Morrison ya yi rajistar injin da ake takawa da ƙafa kamar keken ɗinki, igiya tana juya bakinsa. George Green ya biyo da mai lantarki a 1875.

Sauyi mafi girma ya zo a 1957, lokacin da John Borden ya fito da Airotor, wanda matsattsiyar iska ke juyawa kusan sau 300,000 a minti ɗaya. Gudu irin wannan yana ƙona haƙori har ya kashe jijiyarsa, don haka dole aka haɗa masa feshin ruwa. Daga nan teburin da ke gefen kujera ya cika da tiyo: na iska, na ruwa, da na sirinji mai maɓalli biyu, wanda ke ba da iska, ko ruwa, ko duka a haɗe. Mahaɗin tiyo da inji na Borden mai huji biyu da na kamfanin Midwest mai huɗu har yau suna aiki a asibitoci.