Asalin Dutse Mai Ramuka Shida na Ƙauyen Eyam

A ƙasar Ingila, cikin tsaunukan Derbyshire, akwai wani ɗan ƙauye mai suna Eyam. In ka bi turbar da ta nufi Stoney Middleton, za ka tarar da wani dutse zaune a fili, an huda ramuka shida a bisansa, kowanne daidai zura yatsa. To, ga asalinsa.

A shekarar 1665 aka aiko wa telan ƙauyen dilar yadi daga Landan, inda annoba ke ta cin mutane. Yaron shagonsa, George Viccars, ya kwance dila, ya ji yadin da danshi, sai ya shanya shi kusa da murhu. Ashe da ƙuma masu ɗauke da annobar a ciki. Ba a daɗe ba aka kai shi kushewa, daga nan mutuwa ta shiga bi gida-gida.

Da abin ya yi tsanani a 1666, mutane suka fara ɗaure kaya. Sai limamin cocinsu, William Mompesson, ya nemi wanda ya riga shi riƙe cocin, Thomas Stanley. Akwai saɓanin aƙida tsakaninsu, amma suka ajiye shi gefe, suka roƙi jama'a kada kowa ya fita, kada kowa ya shigo, don kada a kai wa maƙwabta ciwon. Mu da muka san umarnin Manzon Allah (SAW) kan garin da annoba ta sauka, wannan ba baƙon zance ba ne a kunnenmu. Abin mamakin shi ne, jama'a suka amince, alhali sun san abin da ke jiransu.

To, abinci fa? Sai maƙwabta su kawo, su ajiye wajen dutsen, su koma. Mutanen Eyam kuwa su jefa kuɗi cikin ramukan, waɗanda aka cika da ruwan khal, da fatan zai wanke cutar.

Sun ɗanɗana kuɗarsu ƙwarai. Wata baiwar Allah, Elizabeth Hancock, ita da hannunta ta binne mijinta da 'ya'yanta shida cikin kwana takwas. Matar Mompesson ma, Catherine, ta rasu. Kafin annobar ta lafa a Nuwamban 1666, ta ɗauke mutum wajen 260.

Har yau, kowace Lahadin ƙarshe ta watan Agusta, mutanen ƙauyen kan taru a kwarin Cucklett Delf, inda kakanninsu suka riƙa ibada a sarari lokacin annobar, su yi addu'ar tunawa da su.